Yadda ake gano dalilin nitsewar harsashin gida da tsagewar bango

A watan Satumba na shekarar 2016, motsin ƙasa ya girgiza garin Kwoi da ke Ƙaramar Hukumar Jaba, ya bar gidaje da dama da tsaga a jikin bango. Irin wannan lamari ba kasafai yake aukuwa ba. Yawancin tsagar da ake gani a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da kewaye, ruwa ne da yanayin ƙasa ke haddasa ta, sannu a hankali.

Daminar yankin tana da tsawo, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Ƙasa mai yumɓu takan kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke da rani, harsashi kuwa yana bin ta sama da ƙasa. Jar ƙasa mai marmara tana ɗaukar nauyi sosai, amma gidan da rabinsa ke kan dutse, rabi kan ciko, kamar yadda ake samu a gangaren tsaunukan Kagoro, ɓangarensa ɗaya ne zai zauna ya bar ɗaya. Wannan rashin daidaito shi ke tsaga bango, domin ginin da ya nitse gaba ɗaya bai cika darewa ba. Haka abin yake ga filin da aka cike a fadama, ko kan tsohuwar rijiya, shadda, ko ramin haƙar kuza a wurare irin su Godogodo.

Siffar tsagar ce shaida ta farko. Siririya mai kama da saƙar gizo-gizo a filasta take kawai, ba ta kai ga bulo ba. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, tana bin layin siminti kamar matakala, kuma ana ganin ta ciki da waje, ita ce ke nuni ga harsashi. Idan ta fi faɗi a sama, galibi kusurwar gidan ce ke nitsewa. Idan ta fi faɗi a ƙasa, tsakiyar ginin ce ta lotsa. Ƙofar da ta soma cijewa da daɓen da ya karkata suna ƙara tabbatar da zargin.

Daga nan sai a duba ko tsagar tana ci gaba. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a riƙa auna faɗinta kowane wata har damina da rani su zagayo. Wadda ke buɗewa da rani ta rufe da damina, aikin yumɓu ne, ko saiwar mangwaro da malaina da ke zuƙe laimar ƙasa kusa da gini. Wadda ke ƙaruwa ba tsayawa, a nemi ruwan da ke kwance a gindin bango: na kwanon rufi, fasasshen bututu, ko sokawe mai yoyo.

Masu gida da yawa sukan gaggauta kiran magini ya shafe wurin, abin da ke ɓoye shaidar kawai. Tsagar da ta wuce milimita 5 tana bukatar injiniya mai rajista da hukumar COREN, wanda zai haƙa rami a gefen harsashi ya ga zurfinsa, ingancin kankarensa da irin ƙasar da yake zaune a kai. Idan ta kai milimita 25, ko bango ya fara kumburowa, a kwashe iyali daga ɗakin kafin zuwansa.