Daga dagula ruwa zuwa tarzoma: asalin wasu kalmomin tada hankali a Ingilishi

Mai fassara takardun tarihi daga Ingilishi yakan ci karo da kalmomi irin su « trouble », « disturbance », « agitation » da « riot ». Ƙamus na iya maida su duka da hargitsi ko tashin hankali. Amma nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma marubucin da ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ya riga ya yanke hukunci a kan abin da ya faru.

Mai jin Faransanci ba zai ga baƙunta a nan ba, domin da yawa daga cikinsu ta bakin Normandawa suka shiga Ingila, bayan sun ci ƙasar a 1066. « Trouble » da « disturb » tushensu Latinanci ne: « turba », wato cunkoson jama'a mai hayaniya, da aikatau « turbare », dagulawa. Har yau Bafaranshe na kiran gurɓataccen ruwa « eau trouble », kamar yadda Bahaushe ke dagula ruwan tabki, ya kuma dagula al'amari. Kalmar gado ta Ingilishi ita ce « stir », daga tsohuwar « styrian ». Da ita ake motsa miya. Kalmomin aro kuwa su ne suka samu shiga kotu da fada.

« Agitate » ta fi su labari. Ta fito daga « agere », wadda ɗaya daga ma'anoninta ita ce kora dabbobi. « Agitare » kuma yawan korawa ce, kai da kawowa. A 1647, zamanin yaƙin basasar Ingila, sojojin majalisar dokoki sun ga ana shirin sallamar su ba tare da an biya su bashin albashi ba. Sai suka zaɓi wakilai daga cikinsu, aka kira su « agitators ». Abin da ake nufi a lokacin shi ne wakili, mai aiki da sunan wasu. Waɗannan wakilai sun zauna da manyan hafsoshi a Putney a ƙarshen watan Oktoba na shekarar, inda aka yi gardama a kan wanda ya cancanci jefa ƙuri'a. Daga baya kalmar ta zama sunan mai zuga talakawa. A ganinmu ba harshe kaɗai ya jawo wannan sauyi ba: a idon mai mulki, tsakanin wakilin masu koke da mai zuga su babu nisa.

« Riot » kuma, a tsohon Faransanci « riote » gardama ce kawai. Dokar tarzoma ta 1714 ta ba ta haƙora: idan mutum 12 ko fiye suka taru da hargitsi, aka karanta musu sanarwar sarki, ba su watse cikin awa ɗaya ba, laifin na iya kai su ga hukuncin kisa. Wannan kalma ce Turawan mulkin mallaka suka liƙa wa boren matan Aba na 1929, a kudu maso gabashin Nijeriya, inda aka kashe mata fiye da 50. Su Ibo « yaƙin mata » suke kiran shi.

Wani lokaci kuma ƙaramar kalma ake nema don a rufe babban abu. Rikicin Ailan ta Arewa, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yarjejeniyar 1998, ya ci rayuka fiye da 3500, amma sunansa « the Troubles », wato kalmar da ake amfani da ita ga ɗan ciwon ciki. Faransa ma ta daɗe tana kiran yaƙin Aljeriya na 1954 zuwa 1962 « les événements ». Sai a 1999 majalisar dokokinta ta yarda a rubuta « guerre ».