Maria Sibylla Merian

Maria Sibylla Merian (1647–1717) mai zane ce kuma marubuciyar kimiyya, haifaffiyar Frankfurt a Jamus. A 1699 ta tafi Suriname a Kudancin Amurka, kuma a 1705 ta wallafa littafi mai zane 60 kan ƙwarin ƙasar. Wasu na ganin aikinta ado ne kawai, suna kafa hujja da 'yan kurakuran da ke ciki. Amma ita da kanta take kiwon tsutsotsi, tana lura da ganyen da kowacce ke ci har ta rikiɗe ta zama malam-buɗe-littafi, a zamanin da mutane da dama ke zaton daga laka ƙwari ke fitowa. Bincike ne na gaske, shi ya sa masanin kimiyya Linnaeus ya dogara da zane-zanenta wajen raɗa wa wasu ƙwari suna.