3.2 Mazauni da Tsarin Ginin Masaƙar Kaduna

Kamar yadda aka bayyana a sashen da ya gabata, kafin zuwan Turawa kaɗi da saƙa da rini sana'o'i ne na gida a ƙasar Daura. Mace ta kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa a inuwa, marini kuma ya tsoma a karofi da ruwan rijiya. Wannan sashe zai dubi ginin da ya tattara waɗannan ayyuka a ƙarƙashin rufi ɗaya, wato Masaƙar Kaduna, wadda aka fi sani da KTL.

Masaƙar ta fara aiki a shekarar 1957 a unguwar Kakuri, kudu da Kogin Kaduna. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ita ce ta kafa ta tare da kamfanin David Whitehead and Sons na garin Rawtenstall da ke yankin Lankasha a Ingila. Shi kansa wannan gari a bakin Kogin Irwell yake, kuma da ruwan rafuka aka fara juya injinan masaƙun wannan yanki kafin a koma ga tururi.

Idan aka yi la'akari da mazaunin KTL, za a ga ba a zaɓe shi da ka ba. Masaƙa na shan ruwa mai yawa wajen tukunyar tururi da wanke yadi, ga kogi a kusa. Ga kuma layin dogo daga Legas zuwa Kano, wanda ke kawo audugar da aka gurza a wurare irin su Funtuwa da Malumfashi. To amma akwai wani dalilin da ba a cika ambatawa ba. Zaren auduga yakan tsinke idan iska ta bushe. A Lankasha damshi kyauta ne daga Allah, a nan kuwa, musamman da hunturu, sai an sa na'urar da ke fesa laima a ɗakin kaɗi. Saboda haka ruwan kogin har cikin iskar ɗakin ake buƙatarsa.

Dangane da fasalin gini kuwa, tsofaffin masaƙun Ingila benaye ne masu hawa da yawa, domin inji guda ne ke juya dukkan na'urori ta hanyar sanduna da bel. KTL ta zo a zamanin lantarki, don haka zaurukan aikinta a shimfiɗe suke, dogaye, auduga ta shiga ta nan, akoko ya fita ta can. A ganin mai wannan nazari, wannan fasali shi kansa shaida ce ta tarihi, kamar yadda bakan gizon soron fadar Daura ke shaida gwanintar maginan gargajiya.

Daga baya wasu masaƙun sun biyo ta Kakuri, kamar UNTL da Arewa Textiles. Amma matsalar wutar lantarki da tsufan injina da kwararowar yadin waje suka durƙusar da KTL, har aka rufe ta a shekarar 2002, ma'aikata da dama suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu. Rijiyar Kusugu tana da mai kula da ita da masu ziyara. Zaurukan Kakuri kuwa, bayan rufewar, ciyawa da tsatsa ne suka gaje su.