Yadda Aka Koyi Auna Ƙwayar Jini da Haske

Duk wanda ya taɓa kai yaro mai zazzaɓi gwajin jini a asibitin Anka ko Gummi ya san yadda ake yi. A ɗiga jini a gilashi, a shanya, a zuba rinin Giemsa, sannan a leƙa ta madubin likita. Dole ce ta sa rinin, domin yawancin ƙwayoyin halitta garai suke kamar ruwa, haske na ratsa su ba ya barin alama. Sai dai kafin rini ya kama, ƙwayar ta mutu. Gawa ake kallo.

Frits Zernike, masanin haske a Groningen ta ƙasar Holan, ya samo mafita a shekarun 1930. Haske in ya shiga ƙwaya yakan ɗan yi jinkiri, kamar mai tafiya da ya faɗa rairayi. Ido ba ya ganin jinkirin nan, sai Zernike ya sa wani ɗan faifai cikin madubin wanda ke mayar da shi duhu da haske. Da farko kamfanin Zeiss bai ɗauke shi da muhimmanci ba, sai a 1941 ya fitar da irin madubin. Zernike ya samu kyautar Nobel a 1953.

Wannan gani ne, ba awo ba. A 1952 Robert Barer na Oxford ya nuna cewa yawan jinkirin yana bin nauyin abin da ke cikin ƙwayar in an cire ruwa. To, amma lissafin azaba ne, sai da kyamarar dijital da kwamfuta suka haɗu da dabarar hologiram ta Dennis Gabor wajajen ƙarshen shekarun 1990 sannan aka samu madubin da ke yin awon cikin sauƙi. A 2008 YongKeun Park da abokan aikinsa a jami'ar MIT suka auna jajayen ƙwayoyin jini masu rai waɗanda maleriya ta shiga, ba rini ko ɗigo, suka ga sinadarin hemogulobin na raguwa, ƙwayar na ƙara tauri.

Mu nan mun san darajar awo. A 2010, da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Dareta a Anka da Yargalma a Bukkuyum, adadin dalma a jini ne ya nuna wa likitocin ƙungiyar agaji ta MSF wanda za a fara ba magani. Sabon madubin kuwa har yanzu galibi a ɗakunan bincike yake, mai gwajin jini a Gummi na nan da kwalbar rininsa.