Lissafa Dukkan Haɗe-haɗe Daga Jeri Masu Canza Adadi: Misali Daga Gonakin Ɗanzomo

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda kwamfuta za ta fitar da kowane haɗi idan aka ɗauki abu guda daga kowane jeri, alhali ba a san adadin jerin ba sai lokacin aiki. An gina misalin a kan noman haɗaka na Ɗanzomo, ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, masarautar Gumel.

Matsalar

Manomin wannan yanki mai ƙasar rairayi da gajeruwar damina ba kasafai yake shuka abu ɗaya ba. Zai zaɓi hatsi: gero, dawa ko maiwa. Zai zaɓi abin da zai raka shi: wake, gyaɗa, riɗi, ko ya bar shi zalla. Sai taki: na gida, na zamani, ko gauraye. Sai lokaci: binne kafin ruwa, ko shuka bayan ruwan fari. Jeri huɗu ke nan, 3 × 4 × 3 × 2, haɗi 72. Tun 1926 R. A. Fisher ya nuna a Rothamsted ta Ingila cewa gwada abubuwa a tare ya fi gwada su ɗaya-ɗaya, domin, alal misali, tasirin taki a kan gero yakan canza idan akwai wake a kunyar.

Mai rubuta manhaja yakan saka zagaye cikin zagaye, ɗaya ga kowane jeri. Amma da malamin gona ya ƙara jerin tazarar shuka, sai an sake rubutun.

Hanyar

Mafita tana cikin mitar babur mai ƙirga kilomita. Kowane jeri yana da gurbi guda da ke farawa daga 0. Ana ƙara 1 a gurbin ƙarshe. In ya cika, ya koma 0, ya tura na gabansa. Bambancin kawai, kowane gurbi da tasa iyakar. Donald Knuth ya bayyana wannan a juzu'i na 4A na littafinsa (2011), kuma haka itertools.product na Python yake jero sakamako tun 2008.

Ana iya zuwa kowane haɗi kai tsaye. Ɗauki lamba 50: raba da 2, an sami 25, saura 0; raba 25 da 3, an sami 8, saura 1; raba 8 da 4, an sami 2, saura 0. In aka karanta daga ƙarshe zuwa farko, lambobin su ne 2, 0, 1, 0, wato maiwa, wake, takin zamani, binne.

Tattaunawa

Ƙarin tazara iri uku yana kai haɗin zuwa 216, kuma jeri ɗaya da ba komai a ciki yana mayar da komai sifili, abin da ya kamata manhajar ta yi gargaɗi a kai. A ganina, bai dace a tara haɗin duka a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba. A riƙa fitar da su ɗaya bayan ɗaya, ana tace su da sanin manoma: maiwa tana daɗewa kafin ta nuna, don haka duk haɗin da ya jinkirta shukarta a jefar da shi tun kafin a auna fili.