Ɓaure

Kalmar ɓaure ta gida ce, ba aro daga Larabci ba. Harafin farko ma ya isa shaida, domin babu sautin "ɓ" a Larabci. Balarabe "tin" yake cewa, amma da malamanmu suka zo fassara Suratut Tin, sura ta 95, wasunsu ba su ari kalmar ba, tun da itacen na nan tsaye a bakin fadamunmu da sunansa.

Sunan ya haɗa bishiyar da 'ya'yanta, shi ya sa mai son bambancewa kan ce ɗan ɓaure. Danginta su ne gamji da durumi da cediya, duk masu fitar da farin ruwa idan an sare su. Da wannan ruwan ake shafe makero, a dafa ɓawon a sha don tari, ganyen kuwa makiyaya na sassaɓo wa awaki da rani.

Ƙananan ƙwarin da ake tararwa a cikin ɗan sun jawo masa mummunan suna, har ake kwatanta mai kyan fuska da mugun ciki da shi. A ganina ba a yi masa adalci ba, domin ƙwarin nan ne ke yi masa barbara, in babu su iri ba ya ƙulluwa.

Akwai kuma ƙaramar hukumar Ɓaure a Jihar Katsina, a ƙasar Daura.