Shin Duk Ƙullutun da Ƙwayarsa Ta Ƙi Tsiro Kuturtar Kyanwa Ne?

Akwai ra'ayin da ya daɗe a tsakanin wasu likitocin dabbobi, wanda wani abokin aiki ya sake karewa a gabana kwanan baya: idan aka ga ƙullutu ko gyambo a fatar kyanwa, rinin Ziehl-Neelsen ya nuna ƙwayar maikobakteriya, sannan aka shuka ta a ɗakin gwaji ta ƙi tsiro, to kuturtar kyanwa ce, a yanke a ba da magani. Ina ganin akwai ganganci a wannan hukunci.

Tarihin sananne ne. An fara bayyana cutar a Niyu Zilan a 1962, aka jingina ta ga Mycobacterium lepraemurium, ƙwayar kuturtar ɓera. A 2002 Malik da abokansa suka nuna cewa sunan ya rufe cututtuka biyu, binciken O'Brien na 2017 kuma ya fayyace wasu ƙwayoyin: tarwinense, wadda aka fi gani a jihar Biktoriya ta Ostareliya tana kama kai da kewayen ido, da lepraefelis, mai kama tsofaffin kyanwoyi har ta ratsa cikin jiki.

Hujjar abokin nawa ita ce, tunda kusan magani ɗaya ne ko wace ƙwayar ce, wato rifamfisin da kilaritoromaisin ko kulofazimin, me zai sa a ɗora wa mai kyanwa kuɗin gwajin ƙwayar halitta? Ya ƙara da cewa cutar ba kasafai ake ganinta ba. Batun kuɗi na yarda da shi, ba ƙaramin nauyi ba ne. Inda muka rabu shi ne fassarar rashin tsiron. A nazarin Gunn-Moore na 2011 a Birtaniya, cikin kyanwoyi 339 ƙwayar ta tsiro a kashi 47 cikin ɗari ne kawai, kuma mafi yawan waɗanda suka tsiro microti ne da bovis, dukkansu 'yan gidan tarin fuka. Ashe sauran fiye da rabin duk kuturta ce? Da wuya. Samfuri kan lalace a hanya, microti kan yi watanni kafin ta nuna kanta, wani lokaci kuma ƙwayoyin ne suka yi kaɗan. Rashin tsiro shaida ce a kan gwajin, ba lallai a kan cutar ba.

Bambancin kuwa ya shafi mutanen gida. Ba a san kuturtar ɓera da kama ɗan Adam ba, amma bovis, ƙwayar tarin shanu, tana kamawa: a 2014 hukumar lafiya ta Ingila ta sanar da mutum biyu da suka kamu da tarin fuka daga kyanwoyi a yankin Niyubiri.

Dole dai in taƙaita da'awata. Alƙaluman Birtaniya na Birtaniya ne. A gabar tekun Niyu Zilan, matashiyar kyanwa mai farauta da ƙullutu a ƙafa, mai yiwuwa hasashen abokin nawa ya dace. Abin da nake iya karewa shi ne, duk inda tarin shanu yake yawo, kada a rubuta "kuturta" sai an kawar da bovis. Wannan ya haɗa da ƙasarmu, inda kyanwa ke lasar ɗanyen nono da tarkacen mahauta, inda kuma kalmar kuturta kaɗai ta isa ta sa maigida ya jefar da kyanwar a bola kafin sakamakon gwaji ya dawo.